Kwanon da Kakata Ta Ba Kaji

Bari in fara da wautar da na tafka, kafin ƙannena su riga ni faɗa su ƙara mata gishiri. Ranar sadakar ukun kakana, ni da hannuna na ɗauko kujerarsa ta katako, na kakkaɓe ta da gefen rigata, na ajiye wa mutumin da ya fi kowa cutar da shi a duniya. Har da durƙusawa na yi. Har da cewa, "Ranka ya daɗe, zauna nan, tabarma ba ta dace da kai ba."

A yi mini uzuri, ban san fuskarsa ba. Abin da na gani kawai baƙaƙen motoci ne sun cika mana layi, da wani dattijo fari fat cikin shadda mai ƙara kamar ana murza leda. Turarensa ya riga shi isowa, ya zauna ya gaisa da jama'a, kafin shi ya fito daga mota. Na ce a raina, yau ga ranar da unguwa za ta san kakan wa ya rasu.

Don gaskiya har wannan ranar rabin Kontagora ba su yarda kakana ya taɓa zama wani abu ba. Dattawa sun sani, amma sauran mutane suna ɗaukar maganar kamar irin cika bakin da nake yi a filin ƙwallo. Mai shayin bakin layinmu, da ya ji rediyon ƙetare ya ce tsohon firaminista ya rasu a Kontagora, saura kaɗan ya ƙona ƙafarsa da ruwan zafi. Ya zo gaisuwa yana ta maimaitawa: "Shi? Tsohon nan da ke rigima da ni a kan sukari? Ni na taɓa ce wa firaminista in ba zai sha ba ya matsa?" Ya yi kuka, ya share ido, ya sake tambaya, "Wai shi ɗin dai?"

'Yan kasuwar hatsi na Salka sun zo mota guda. Babbansu ya ce duk ranar kasuwa sai tsohon ya zagaya ya tambayi farashin dawa da masara da gero, ya gyaɗa kai, ya tafi bai sayi ko mudu ba. Da farko sun zaci mai leƙen asiri ne. Daga baya suka gane in ya gyaɗa kai sau biyu to hatsi zai tashi, suka riƙa ɓoye buhunansu. Manoman Sahon Rami, inda yake da gona, sun zo da matansu da ƙullin gyaɗa. Makwabcinmu kuwa, wani dattijon Kambari mai zuwa coci, wanda muke kira Baba, bai ce wa kowa komai ba. Ya zauna a gefen tabarma da 'ya'yan darar da suke bugawa da kakana kullum da la'asar, yana jujjuya su a tafin hannu.

Ina tsaye ina hura hanci saboda babban baƙon da na saukar, sai ƙanwata ta ja ni ta ce Hajiya na kira. Hajiya ita ce kakata, mahaifiyar Ummata. Tana cikin takaba, ba ta fitowa ƙofar gida, amma kunnenta ya fi na zomo. Tun ina jariri take kirana Maigida, kakana kuma yana cewa ni ɓarawon matarsa ne.

"Maigida," ta ce, "muryar wa nake ji a waje?"

"Wani babban mutum ne daga ƙasarsu Kaka. Na ba shi kujera."

"Wace kujera?"

Na hau sosa ƙeya.

"Wace kujera, na ce?"

"Ta Kaka."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, irin duban da ake yi wa akuyar da ta ci alkamar gida. Sannan ta nuna tsakar gida da haɓa, wajen da wani tsohon kwano mai fure shuɗi yake a ƙasa, kaji na shan ruwa a ciki.

"Mai kwanon can ne," ta ce.

Labarin mai kwano babu wanda bai san shi ba a gidanmu. Fuskarsa ce kawai ba mu sani ba, don Hajiya ta yanke kansa daga duk hoton da ya fito.

Ga labarin, ga wanda bai sani ba. Kakana ba haifaffen nan ba ne. Ɗan wata ƙasa ce makwabciya, kuma malamin tattalin arziki ne a jami'ar can. Hajiya ce 'yar Kontagora. A cikin ɗalibansa akwai wani yaro maraya mai ƙwaƙwalwa, wanda ba shi da wurin kwana. Kakana ya kawo shi gida. Hajiya ta saya masa kwano nasa na kansa, ta riƙa zuba masa abinci tare da 'ya'yanta, yana ce mata Inna. Shekaru yana ci a kwanon nan har ya gama karatu.

Da siyasar ƙasar ta rikice, aka rasa wanda ɓangarori za su yarda da shi ya riƙe gwamnati har a yi zaɓe. Sai aka ɗauko kakana daga aji aka ba shi firaminista, don ba shi da jam'iyya. Shi kuma ya ɗauko ɗalibin nan ya sa shi sakatarensa. Aka yi zaɓe. Tun akwatunan wasu garuruwa suna kan hanya aka fitar da sakamako. Masu ƙarfi suka ce kakana ya shiga rediyo ya ce ya gani ya gamsu, tunda shi jama'a suka yarda da shi. Ya ce ba zai ce ya ga abin da bai gani ba. Sai ɗalibin ya shiga rediyo ya faɗa da sunan kakana. Gari ya kama da wuta, aka kashe mutane a titi. Da abin ya yi muni aka fara neman wanda za a ɗora wa, ɗalibin ya sake shiga rediyo ya ce firaminista ne da kansa ya sa aka sauya alƙaluma. Ɓangare ɗaya suka ce kakana ɓarawon zaɓe ne, ɗaya ɓangaren suka ce matsoraci ne. Aka ƙwace gidansa, aka ƙona littattafansa a tsakar gida. A bayan motar albasa suka ƙetaro iyaka. Ummata tana yarinya a lokacin, kuma har yau in ana yanka ɗanyar albasa fita take yi daga ɗakin girki. A cikin ɗan ƙullin da Hajiya ta iya ɗaukowa, kwanon nan ya biyo su. Tun ranar da suka sauka Kontagora ta ajiye wa kaji.

Ni ban san firaminista ba. Wanda na sani wani dogon tsoho ne mai tabarau masu kaurin gindin kwalba, mai riga ɗaya toka-toka da ya fi so, wadda aljihunta ya huje ya hana a ɗinke. Wai aljihu mai rami yana koya wa mutum ya riƙe abinsa a hannu ya san nauyinsa. Ya koyar na ɗan lokaci a wata kwaleji, sannan ya koma noman masara.

Duk wanda ya zo wurinsa, kafin ya gama sallama, tambaya ɗaya ce: "Me ka bari ka zo?" A wurinsa wannan shi ne tattalin arziki gaba ɗaya, sauran duk ƙarin surutu ne don a cika littafi. Ya ce babu abin da mutum zai yi bai bar wani abu ba, kuma abin da ka bari shi ne ainihin farashin abin da ka zaɓa. In na zo cin tuwo a ɗakinsa, "Me ka bari ka zo?" In ce karatu. Ya ce, "To tuwon nan ya yi tsada." Liman ya zo duba shi da rashin lafiya, ya tambaye shi. Likita ma bai tsira ba. Na tabbata Mala'ikan mutuwa da ya shigo sai da ya sha wannan tambayar, Allah ya yafe mini.

Yana son rediyo kamar me, amma duk ranar da ake zaɓe, ko na kansila ne, sai ya kashe ta ya juya fuskarta bango. Sau ɗaya manoman Sahon Rami suka roƙe shi ya ƙirga musu ƙuri'ar shugaban ƙungiyarsu, tunda shi ne mai ilimi. Na raka shi. Ya ƙi taɓa ko takarda ɗaya. Ya ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga da ƙarfi, kowa na ji. Aka ƙirga. Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce wata tsohuwa ta tafi bayan gida, a jira ta. Muka tsaya cikin rana har inuwata ta gudu ta bar ni. Da tsohuwar ta dawo aka sake ƙirgawa, wanda ya ci tun farko shi ya ci. A hanyar dawowa na ce, "Kaka, duk wannan wahala a kan shugaban masu taki?" Ya ce, "Ɓarawon matata, na taɓa ganin abin da ke faruwa in ba a jira tsohuwa ba."

Shekarar da gobara ta cinye rumbun Baba makwabci, kakana bai je jaje da baki ba. Ya kira shi ya buɗe nasa rumbun, ya ja layi da gawayi a tsakiya, ya ce, "Daga nan zuwa nan naka ne. Yara ne suka yi kuskure suka zuba a nawa." Baba ya ce, "Malam, ni ban noma farar masara ba bana." Kakana ya ce, "To ka ga girman kuskuren." Da la'asar suka zauna dara, kakana ya cinye shi babu tausayi.

Faɗa ɗaya na san yana yi da Hajiya, kuma a kan kwanon nan ne. In ya faki idonta sai ya ɗauke shi daga gaban kaji, ya wanke da toka, ya kife a kan kanta. Ita kuma in ta gani sai ta sauko da shi ta zuba ruwa ta kira kajinta da murya mai daɗi, don ya ji. Ya ce, "Hajiya, kwano bai yi miki laifi ba." Ta ce, "Shi ya sa na ba shi masu amana." Shekara da shekaru kwanon yana hawa yana sauka, har ya fi lif ɗin asibiti aiki.

Wannan wanke-wanken ne ya dame ni. Wata rana muna ɓarar masara na tambaye shi kai tsaye, "Kaka, wai ka yafe masa ne?"

Ya ajiye masarar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Abin da ya yi mini, tsakanina da Allah ne, ba na faɗa wa ɓarayin mata. Amma akwai waɗanda suka fita titi saboda sun ji sunana a rediyo, ba su koma gida ba. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Ko na so, ba ni da iko."

"To me ya sa kake wanke kwanon?"

"Yaron da ya ci a ciki yana jin yunwa ne da gaske," ya ce. "Shi nake wanke wa."

Wannan shi ne mutumin da aka yi wa ƙarya, kuma shi ya sa nake rubuta wannan. A ƙasarsu har yau akwai masu tofar da yawu in an ambaci sunansa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya bari saboda gaskiya ya zama shi ne abin da zai tarar.

Yanzu ku ji abin da ya kawo mai kwano. Ba gaisuwa ce kawai ba. Yana neman wata babbar kujera a ƙasarsu, kuma tun da aka ji rasuwar kakana tsofaffin can suka fara tono tsohon zance. Don haka yana son ya dawo ranar sadakar bakwai da masu kyamara, sannan kawuna, babban ɗan kakana, ya tsaya kusa da shi ya ce marigayi ya yafe masa kafin ya cika, kuma abin da ya faru rashin fahimta ne. Shi kuma ya yi alkawarin za a mayar wa iyali gidan da aka ƙwace, a sa wa wani titi sunan kakana.

Kawu ya amince. Ba mugu ba ne, gajiya ya yi. A gidan da aka ƙwace ɗin aka haife shi, kuma har yau yana iya faɗa maka inda bishiyar lemo take a tsakar gidan. Ya ce wa Hajiya, "Inna, magana ɗaya ce fa. Baba ya tafi, ba abin da zai rage shi."

Hajiya ta ce, "Wancan karon ma magana ɗaya ce."

Kawu ya tashi ya fita. Ita kuma takaba ta ɗaure ta a ɗaki, ba za ta iya fitowa gaban maza ta ƙaryata shi ba. Ke nan mutumin nan zai sake sa magana a bakin kakana, karo na biyu, kuma wannan karon kakana ba shi da bakin musu.

Ni kuwa na shiga shirin yaƙi. Na tara ƙusoshi da za su isa a gina masallaci, don tayoyinsa. Na nemi barkonon da ko kallonsa ka yi sai ka yi atishawa, don kununsa. Na yi ciniki da wani abokina a kan kunama mai rai, don takalminsa. Na je na zayyana wa Hajiya duka, ina jiran yabo.

"Maigida," ta ce, "ashe wautarka ba ta ƙare a kujera ba. Ka fasa masa taya, ya sayi wata. Ka ba shi barkono, ya sha ruwa. Kawunka kuma ya faɗi abin da zai faɗa."

"To in zuba ido?"

Ta tashi ta buɗe akwati. Ta ciro rigar nan toka-toka mai hujajjen aljihu, da hularsa, da tabarau, ta jawo sandarsa daga bayan ƙofa, ta zube su a cinyata. Ƙamshinsa yana jikin rigar. Sai da na juya baya na ɗan yi tari.

"Kai ba jika ba ne?" ta ce.

A nan na gane. A wajenmu in tsoho ya rasu ya bar jikoki, ranar sadaka jikokin sukan sa kayansa su fito suna kwaikwayonsa, tafiyarsa da maganarsa da faɗansa, su tsokani kowa, mutane su yi dariya cikin hawaye su ba su ɗan abin hannu. Wasan jika ke nan. Kuma a wannan ranar, duk abin da jika ya faɗa cikin rigar kakansa, babu mai tsawata masa. Kawu ba ya son wasan, ya ce an daina yayinsa. Hajiya ta ce ita ba ta ji sanarwar dainawa ba.

"Abu ɗaya," ta ce. "Kada ka ƙara ko kalma a kan abin da ka ji daga bakinsa. Na san halinka. Ƙarya aka yi masa, ba za mu rama da ƙarya ba."

Wannan sharaɗin ya fi mini azumin bazara wuya, amma na karɓa.

Ranar sadakar bakwai da hantsi ƙofar gida ta cika. An yi addu'a, an raba masa da gumba. Mai kwano ya iso da mutanensa, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar kakana kamar gadonsa ce, tunda wani wawa ya riga ya nuna masa hanya. Mai kyamara ya kafa ƙafafun ƙarfensa. Kawu ya miƙe ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

Sai na fito.

Rigar tana jan ƙasa kamar tana share layi. Tabaran sun mayar da kowa hazo, har na kusa gaisawa da turken rumfa. Ƙannena suna bayana suna ihu, "Kaka ya dawo! Kaka ya dawo!" Na dogara sanda, na yi tarin nan nasa guda biyu gajeru. Daga cikin gida na ji mata sun fashe, wasu dariya wasu kuka.

"Kai!" in ji Kawu. "Koma ciki!"

Baba makwabci, wanda bai yi magana ba tun ranar rasuwa, ya ɗaga hannu. "A'a, Alhaji. Jika ne. Yau ba a taɓa shi."

Liman ya yi murmushi ya ce, "Wasa ne, a bar yaro."

Na fara da mai shayi. "Kai, sukarin nan da kake zubawa, gonar rake gare ka?" Ya rufe fuska da hula yana dariya yana kuka. Na je gaban 'yan Salka na tambayi farashin dawa, na gyaɗa kai sau biyu, babbansu ya yi kamar zai ruga ya ɓoye buhu. Wuri ya kaure. Mai kwano ma yana dariya har da tafawa. Da bakinsa ya ce wa mai kyamara, "Ɗauki wannan, ɗauki! Al'ada ce mai kyau."

Sai na juya na tsaya a gabansa.

"Tashi mini daga kujera."

Aka yi dariya. Ya miƙe yana dariya, har da ɗan rusunawa. Na zauna, na ɗora haɓa a kan sanda, na dube shi ta saman tabarau yadda kakana ke yi.

"Me ka bari ka zo?"

Dariyarsa ta ɗan tsaya. Ya san tambayar, ya fi ni saninta. "Ayyuka da yawa, Malam," ya ce.

"To ka yi tafiya. Ka ci abinci tukuna."

Ƙanwata ta fito da tuwo da miyar kuka a rufe da faifai. Hajiya ta sa an wanke kwanon da toka har yana ƙyalli, ta ce ba a ba baƙo abinci a ƙazamin kwano a gidanta. Aka ajiye a gabansa, aka ɗauke faifan. Fure shuɗi, da ɓallin da ke bakinsa, da lotsawar gefe.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Murmushin yana nan, amma kamar an manta shi ne a wurin.

"Kwanonka ne," na ce. "Ni ke wanke shi. Yaron da ya ci a ciki yana jin yunwa ne da gaske."

Babu mai dariya yanzu. Kawu ya ce a hankali, "Ya isa haka." Baba ya ce, "Bai gama ba."

"An ce na yafe," na ce. "Abin da ka yi mini, tsakanina da Allah ne. Amma akwai waɗanda suka fita titi saboda sun ji sunana a rediyo, ba su koma gida ba. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Ko na so, ba ni da iko."

A tsakiyar maganar muryar kakana ta gudu ta bar ni. Tawa ce ta ƙarasa, majina na zuba a kan rigar firaminista. Na shirya abubuwa da yawa da zan ƙara, zagi masu kyau waɗanda na kwana biyu ina gogewa, amma na tuna sharaɗin Hajiya na haɗiye su. Har yau suna nan a cikina, suna damuna in na ci wake.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗi, kamar yadda ake sallamar jika, ya tura a aljihun rigar. Suka bi ta ramin suka zube a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Babu wanda ya sunkuya.

Na so in ce muku ya faɗi yana birgima, ya kama ƙafata, ya faɗi gaskiya a gaban kyamara, aka kira 'yan jarida. Haka nake ba abokaina labarin a makaranta, wani lokaci har da suma. Amma a nan ba zan ƙara ba. Ya ɗaga wa mai kyamara hannu ya kashe. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya juya wajen ƙofar gida ya ce, da wata murya ƙarama wadda ba ta dace da shaddarsa ba, "Inna tana nan?"

Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Ina nan. Ina jin ka."

Ya jira. Duk muka jira. Ba ta ƙara komai ba, shi ma bai ƙara ba. Ya dubi Kawu. Kawu yana kallon rigar da ke jikina, ya zame ya zauna a tabarma, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mai kwano ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Aka ce amin. Ya sa takalmansa, waɗanda babu kunama a ciki, ya shiga mota.

Ba a mayar da gidan ba. Babu titin da aka sa wa sunan kakana. Mutumin ya ci zaɓensa, muka ji a rediyo, Hajiya ta juya fuskar rediyon bango. Kawu bai yi mini magana ba sai ranar arba'in, da ya ce in miƙo masa buta. Ƙanina ya ɗauki bidiyo da wayar Umma, amma ƙafafuna da gefen riga kawai suka fito, don kuka yake yi. Har yau babu wanda ya ji an ce kakana ya yafe, babu kuma wanda ya ji an ce bai yafe ba.

Tuwon da ya bari, Hajiya ta ce a ba kaji. A cikin kwanon suka ci, kuma yana nan a gabansu.